Risibar da Yayata Ta Sayo a Jidda

Jirgin ba saya na yi ba. Wani Bature ne ya bar mini shi, wanda muka yi aiki tare a fadamar Haɗeja shekarun da gwamnati ta hana shigo da alkama, aka ce kowa ya koma gona. Ni malamin gona ne a lokacin, ina zagaya manoman rani a kan babur, shi kuma injiniyan ruwa ne, aikinsa duba hanyoyin ban-ruwa. Mutum ne marar yawan magana. Ran Asabar da la'asar yakan fito da wani ɗan ƙaramin jirgin sama daga bayan motarsa, faɗin fikafikansa kamar mutum ya buɗe hannuwa, ya ɗura masa mai, ya kaɗa farfelar da yatsa. Jirgin ya tashi yana kuka kamar injin markaɗe, shi kuwa yana tsaye a ƙasa riƙe da wani akwati mai doguwar eriya da 'yan sanduna biyu, yana juya shi yadda ya ga dama. Akwatin nan shi muke ce wa rimot.

Na daɗe ina zuwa kallo kafin ya fara miƙo mini rimot ɗin, in jirgin ya yi sama sosai yadda ko na yi kuskure zai iya karɓa ya gyara. A hankali hannuna ya saba, har na iya tayar da shi da saukar da shi ba tare da ya karya ƙafa ba.

Da kaka, lokacin kogi ya cika ya shafe fadama, batirin cikin jirgin ya mutu yana sama, ya sulalo ya faɗa ruwa ta wajen hanyar Kirikasamma. Wani masunci ne ya bi shi a kan gora ya tsamo mana. Gangar jikin ta bushe, injin ma da muka wanke shi da kananzir ya tashi, amma akwai wani ɗan abu a cikin jirgin, bai fi kwalin ashana ba, mai siririn waya kamar jelar ɓera, wanda shi ne ke karɓar umarnin rimot ya isar wa 'yan injinan da ke juya jela da fikafikai. Sunansa risiba. Ita ruwa ya kashe. Ba a daɗe ba kwangilar Baturen ta ƙare. Ran da zai tafi ya tsaya a ƙofar gidana, ya sauke jirgin da rimot ɗin, ya ce ba su cancanci a yi musu kuɗin kaya ba, in na sami risiba in ci gaba.

A gidajen ma'aikata muke zaune, katanga ɗaya da wani malamin kimiyya ɗan Filato da ke koyarwa a sakandaren maza. Ticha nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Matanmu sun riga mu sabawa. Matata ta koya wa tasa burabusko, ita kuma ta koya wa tawa gwate, yaranmu kuwa ba a gane na wane gida ne sai lokacin barci. Da ya ga na rataye jirgin a falo na bar shi ƙura na hawa, ya shigo wata rana ya ɗauki rimot ɗin yana jujjuyawa.

Ya ce, "Malam, kana da gidan rediyo ke nan, akwatin saurare ne ba ka da shi."

Na ce, "To ai akwatin ne ba a sayarwa a kasuwar Haɗeja."

Ya ce a Kano ba za a rasa ba.

Da aiki ya kai ni Kano na shiga kasuwar Sabon Gari na yi ta tambaya. Masu kayan rediyo suna ta tura ni gaba, wannan ya ce je wurin wancan. Wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya gane abin da nake nufi, ya ce zai iya yi mini oda, amma sai dai cikakken saiti, rimot da risiba da komai, kuma abin da ya faɗa ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Zan fita kasuwar sai na ga wata motar wasan yara mai rimot a kan teburin wani mai kayan koli. Na ce a raina ai duk tafiyar ɗaya ce, abin da ke juya mota daga nesa zai juya jirgi. Ga ta da araha. Na saya na hau motar Haɗeja ina jin na gama da matsala.

Ticha ya kwance motar a kan tabarma, ya ciro allon cikinta, ya duba, sannan ya juya bayan rimot ɗina ya nuna mini wata lamba da ban taɓa lura da ita ba. Talatin da biyar aka rubuta. A jikin allon motar kuwa ashirin da bakwai. Ya ce kamar yadda kowace tasha take da mitarta a rediyo, haka waɗannan, in zangonsu bai zo ɗaya ba ko a haɗa su goshi da goshi ba za su ji juna ba. Ban da haka ma, ita motar abin da ta sani shi ne tafi da tsaya, ba ta san kaɗan-kaɗan ba, jirgi kuwa da kaɗan-kaɗan ake tuƙa shi. Muka mayar da allon, muka ɗaure motar, 'yata ta fari da ɗan Ticha suka yi ta tsere da ita a tsakar gida har tayoyinta suka cinye.

Ana haka yayata ta fara shirin aikin hajji karo na biyu. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har na yi aure na haihu ba ta daina ce mini Auta ba. Sana'arta zannuwa da turaren wuta, kuma duk unguwarsu an san ba a cin ta a ciniki. Na je yi mata sallama da matacciyar risibar a aljihu, ina jin nauyin fitar da ita. Da na gama kame-kamena na ajiye mata a kan darduma.

Ta ɗauka ta duba ta ce, "Auta, mutane na aiko ni da addu'a, kai kana aiko ni da kayan wasa."

Na ce, "Yaya, addu'ar ma ina so. Wannan in an gama ibada ne, in kin sauka Jidda sayayya."

Ta ce in gaya mata abin da za ta ce. Washegari na zo mata da Ticha, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani a taƙaice. Abu uku ne. Ta tabbata zangon talatin da biyar ce, ta tabbata FM ce ba AM ba, sannan ta ƙirga ramukan da ake soka waya a gefe, kada su gaza huɗu. Ya ce ba lallai sai ta kamfanin da ya yi rimot ɗin ba, in waɗannan ukun sun cika. Ya ciro biro zai rubuta mata, ta ce ya bar shi, wadda take riƙe saƙon mata ashirin a ka ba za ta manta da abu uku ba. Ta ƙulle risibar a bakin gyale tana maimaitawa, talatin da biyar, FM, ƙofa huɗu.

Da alhazai suka dawo muka je taryarta. Sai da aka yi kwanaki ana ta shiga da fita, ana rabon zamzam da dabino, sannan ta aiko a kira ni. Ta kora yara waje, ta zuge wata jaka ta ciro ɗan kwali da ya lotsa ta gefe, amma ba ta miƙo mini ba sai da ta ba ni labari.

Ta ce ta sha yawo kafin wani ɗan Kano mazaunin can ya raka ta wani kanti da jirage ke rataye a silin kamar an shanya kifi. Mai kantin Ba'indiye ne. Da ya ga tsohuwar risibar ya ɗauko mata sabuwa irinta sak, ya faɗi kuɗi. Ta ce ta tambaye shi ko zinariya aka zuba a ciki. Ya yi dariya. Ta ce masa ya kawo ƙanwarta. Ya shiga ciki ya fito da wannan, ta wani kamfani dabam, ya ce kwalin ne ya lotsa shi ya sa ta daɗe ba a saya ba. Ta sa ɗan rakiyarta ya tambaye shi abu ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ya amsa, ta ƙirga ramukan da yatsanta ta ga biyar ne. Sannan ta zauna a kan kujerarsa ta ce ba ta tashi sai ya rage, tun da shi da bakinsa ya ce kayan sun kwana.

Ta ce, "Akwai abin da ya yi ta faɗa da zan fito, wai babu wani abu a ciki, sai an saya dabam. Na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce, na yi gaba."

Na kawo kwalin gida, muka buɗe da Ticha a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa. Risibar sabuwa fil, baƙa, ta ma fi tsohuwar ƙanƙanta. Amma a gefenta akwai wasu 'yan ramuka biyu da babu komai a ciki. Ticha ya duba su da kyau, sannan ya ce abin da Ba'indiyen yake nufi ke nan. Kiristal ne babu. Wani ɗan ƙarfe ne kamar ƙwayar gyaɗa mai ƙafa biyu, shi ke tsayar da risiba daidai kan layin rimot ɗinta a cikin zangon, don ko a talatin da biyar ɗin layuka ne da yawa. Ya ce laifinsa ne, abu huɗu ya kamata ya faɗa wa Hajiya.

Na fara tunanin sai wata shekarar ke nan. Shi kuwa ya ce in ɗauko tsohuwar, wadda yayata ta dawo mini da ita a ƙulle yadda ta tafi. Ya sa bakin wuƙa ya zaro nata kiristal ɗin, ya ce wannan a rufe yake ruf cikin ƙarfe, da wuya ruwa ya shige shi. Ya kankare tsatsar ƙafafun, ya soka a sabuwar, ya zauna daram. Ya ce ba kowane lokaci na wani kamfani ke yi a wani ba, sai dai mu gwada.

Na ɗauko wayoyin 'yan injinan zan soka, ya riƙe mini hannu. Ya aika aka ɗauko masa mitar awon wuta da yake koyarwa da ita, ya auna, sai ga shi jerin wayoyin ba ɗaya ba ne. A tsohuwar jar waya a gefe take, a sabuwar kuwa a tsakiya ake son ta. Da an soka haka da wani abu ya ƙone. Matarsa ta ba mu allurar ɗinki, muka zauna muna zare wayoyin daga kawunansu muna sauya musu wuri, har aka kira magariba na tafi masallaci na bar shi yana ƙarasawa.

Da na dawo ya haɗa batir yana jirana. Na kunna rimot, ya kunna jirgi. 'Yan injinan suka yi wani ɗan motsi suka tsaya. Na tura sandar mai, sai jela ta karkata. Na karkata sandar jela, sai fiffike ya ɗaga. Matanmu da suka leƙo kallo suka yi ta dariya, matata ta ce jirgin ya koyo wani yare a Jidda. Mu kuwa murna muke, don ya ji, amsar ce kawai take a hargitse. Muka yi ta musanya ramuka har kowace sanda ta sami abin da take nema.

Ba mu tashe shi nan da nan ba. Ticha ya ce abu mai araha sai an san iyakarsa. Ran Asabar muka fita fadama, ya zauna da jirgin a kan gaɓa, ni kuma na bi kan kunyar ban-ruwa ina nisa da rimot, eriya a naɗe, ina motsa sanda, shi yana ɗaga hula in jela ta amsa. Na yi nisa har ina ganinsa kamar ɗan tsako, hular ba ta daina ɗaguwa ba. Sai can wani manomi ya tayar da injin ban-ruwansa kusa da inda Ticha yake, nan take jela ta kama rawa ita kaɗai kamar mai jin sanyi. Da aka kashe injin ta natsu. Nan muka gane halinta. Tana ji daga nesa, amma ba ta son tartsatsin filogin injinan fetur, abin da tsohuwar mai tsada ba ta damu da shi ba. Maganin bai yi wuya ba. Muka koma wani faƙo can gaba da gonakin alkama inda babu inji kusa, in kuma akwai mai ban-ruwa a wajen, mu roƙe shi ya ɗan huta, mafi yawansu ma da kansu suke kashewa su zo kallo.

Ranar da jirgin ya sake tashi, ya yi sama lafiya lau. Ya bi ta kan giginyu, ya karkata ta kan kogin da ya janye ya bar yashi, alkama shar a ƙarƙashinsa. Na kewayo da shi na saukar a hankali, ya ɗan yi tsalle ya tsaya. Ticha ya je ya ɗauko shi ya rungumo kamar ɗan akuya. Da yamma na kai wa yayata kifi na ce mata saƙonta ya yi. Ta ce ita dai ba za ta zo kallo ba, amma daga baya na ji tana ba ƙawayenta labarin yadda ta kayar da Ba'indiye.

Man da Baturen ya bari bai daɗe ba ya ƙare. Ticha ya ce sifirit ne da man zurma, ba wani abu ba. Sifirit ɗin yakan sayo a Kano wurin masu kayan ɗakin gwaji, man zurma kuwa wata tsohuwa a hanyar Birniwa take matso mana, mu tace da tsumma. Hayaƙinsa na da wani ƙamshi kamar ana suya, yana kama riga, matata takan gane na je tashin jirgi tun daga ƙofa.

Wata shekara da shinkafa ta fara nuna, jan-baki suka sauka a fadama. Wanda bai ga tsuntsayen nan ba ba zai gane ba, sukan taso kamar hadari, in suka sauka a gona kafin a ankara sun bar kara. Iyalai kan kwana a gona da gwangwanaye da igiyoyi suna kora. Wani dattijo da nake duba gonarsa ya same ni a ofis, ya zauna muka gaisa, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Malam, wannan shirwar taku mai kuka, ba za ta taimaka mana ba?"

Na ce, "Baba, ban taɓa gwadawa ba, amma za mu zo."

Muka je da sassafe. Na tayar da jirgin daga kan hanya na nufi garken, suka dare gida biyu suka tsallake kogi. Mutanen gonar suka ajiye gwangwanaye suna kallo. Kwanakin farko abin ya yi aiki sosai, muna zuwa kafin lokacin ofis da kuma bayan an tashi. Daga baya tsuntsayen suka gane ba ya kama kowa. Sai su ɗan matsa ya wuce su dawo, wasu ma ko tashi ba sa yi. Dattijon ya ce ba komai, kwanakin da aka samu sun isa shinkafarsa ta yi ƙwari, ya yanke abarsa. Da aka yi sussuka ya aiko mana da shinkafa da bandar kifi, muka raba gida biyu.

A wannan lokacin Ticha ya riga ya koyi tuƙi, kuma hannunsa ya fi nawa taushi wajen sauka. Sai ya ce zai ƙera nasa. Ya samo tukurwa ya fere cikinta, marar nauyin nan, ya yi haƙarƙarin fikafikai, ya lulluɓe da yadin lema. Ya yi shi dogon fiffike, marar inji, wanda za a ja da igiya ya hau sama ya yi ta shawagi. Rimot ɗaya ya ishe mu tun da ba tare za mu tashi ba, risiba ce dai ake bukatar ta biyu. Yanzu kuwa mun san abin tambaya. Muka ji labarin wani makanike a Kano da Turawa suka bar wa tarkacen irin waɗannan, muka je tare. Ya zazzage mana kwali guda. Akwai wata kyakkyawa da ya ce mu ba da ko nawa ne, Ticha ya duba ya ga AM ce, ya ajiye. Wata kuma saba'in da biyu ce, irin ta Amurkawa. Can ƙasa muka sami wata tsohuwa duk ta kakkarce, talatin da biyar, FM. Na zo da rimot ɗina da kiristal a aljihu, muka gwada a gabansa, ta amsa, sannan muka biya. Kiristal ɗin nan guda shi muka yi ta cirewa daga wannan jirgi muna sa wa wancan, har Allah ya sa wani abokin aikina da ya je kwas Ingila ya samo mana na biyu.

Bayan an ba mu jihar Jigawa Ticha ya ƙara 'yan shekaru tare da mu, sannan mahaifinsa ya tsufa, ya nemi komawa gida. Ya tafi da jirginsa na tukurwa a ɗaure a saman kaya. Can ya sami rimot a hannun wani likitan mishan da zai bar ƙasar, kuma ya dace zangonsu ɗaya.

Wani hutun Kirsimeti na ɗauki iyali muka kai musu ziyara. Ya hau da ni wani dutse a bayan ƙauyensu, sanyi na ratsa rigata. A can ba a bukatar igiya. Ya tsaya a bakin gangare ya jefa jirgin cikin iska, iskar da ke hawowa dutsen ta ɗauke shi, ya yi ta kai da kawowa a gabanmu ba ƙara ba hayaƙi. Ya miƙo mini rimot. Ni da na saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa na kasa gane inda iskar take, jirgin ya yi ta gangarewa har ya sauka a gonar dankalin wata mata can ƙasa. Muka gangara ɗauko shi, muka tarar matar ta riga ta jingine shi a jikin shinge ta ci gaba da aikinta. Ticha ya gaishe ta da yarensu, ya gaya mata baƙo ne daga Haɗeja. Ta ce in dai daga can ne, in na sake zuwa in taho mata da kifi.